Shaf ɗin injin niƙa ya karye, murɗa ce ko zafi?

Mai_niƙa_Gombe: Salam ƴan uwa. Shaf ɗin injina, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, ya tsinke daidai ramin da fuli yake zama, ana cikin niƙa masara, mai walda yace wai zafin Gombe ne ya cinye shi. Anya kuwa?

Ɗalibin_injiniya: Wa'alaikassalam Malam. Ni dai na fi zargin murɗa. In inji yana juya shaf kaya kuma suna riƙe shi, wahalar tana taruwa ne a fatar waje, tsakiyar cibiyar ba ta ɗaukar komai, shi ya sa ake yin wasu kamar bututu. Ramin ki ɗin nan kuma, wato tsagin da ake sa ɗan ƙarfen da ke riƙe fuli a jikin shaf, nan ƙarfi yake cunkushewa, tsagewa daga nan take farawa a hankali. Kauri ne magana, in ka ninka kaurinsa biyu ƙarfin ɗaukar murɗa sau 8 zai ƙaru.

Baba_makanike: Yaro ya faɗi gaskiya. Duba bakin karayar, in ya tafi a karkace wajen digiri 45 irin yadda alli ke karyewa in ka murɗe shi, to ƙarfen mai gautsi ne. Kar ka yarda a liƙa maka da walda, asarar kuɗi ce wallahi.

Ɗalibin_injiniya: Zafi ma yana nasa Baba, ƙarfe mita 1 in zafinsa ya ƙaru da digiri 50 yana ƙara tsawon milimita 0.6, amma sai an matse shi ta gefe biyu boris bai bar masa wurin miƙewa ba sannan ya zama matsala.

Mai_niƙa_Gombe: Madalla, gobe zan tura hoton bakin in sha Allah.