Wane suna za mu raɗa wa kuronomita na jirgin ruwa?

Jama'a, a taimaka da suna. Turawa na ce masa kuronomita, wato agogon da matuƙan jirgin ruwa ke gane inda suke a tsakiyar teku da shi. An kawo "ma'aunin lokaci", amma ai kowane agogo aikinsa ke nan. "Agogon jirgin ruwa" kuma zai haɗa har da na bangon ɗakin kyaftin.

Mu leƙa cikinsa tukuna, don ba agogon aljihu ba ne da aka ƙara wa girma.

A agogon aljihu mai tsada, wani ɗan ƙarfe mai baki biyu ne ke tura wilin da ke kai-komo, a zuwa ya tura, a dawowa ya tura, kuma sai da mai. Man nan in ya yi kauri, tafiyar agogo ta canja. Kuronomita kuwa, a tsarin da John Arnold da Thomas Earnshaw suka kafa a Ingila wajen 1780, siririyar sakata ce ke riƙe haƙorin wani wili mai haƙora, ta sake shi ya tura wilin kai-komon sau ɗaya tak a zuwa da dawowa. Sauran tafiyar wilin kai-komon shi kaɗai yake yi, kuma haƙoran ba sa neman mai. Sai dai kuronomita ba ya jure jijjiga: girgiza ɗaya kan tsayar da shi, kuma ba ya tashi da kansa. Shi ya sa ake rataya shi cikin zobba biyu a akwatin katako, jirgi ya karkata, shi yana nan kwance daidai.

Akwai kuma 'yar sarƙa da ke naɗe a jikin wani ƙarfe mai tsini, don ƙarfin sifirin ya zo ɗaya daga lokacin da aka wana shi har ya kusa ƙarewa.

Abin da ya fi burge ni, ba a taɓa hannunsa a teku. Ko kullum yana ƙara daƙiƙa 2 ba laifi, muddin biyun ce kullum. A rubuta, a cire a lissafi. Kuskuren daƙiƙa 4 da ba a sani ba, mil ɗaya ne na teku a kan layin ikwaita.

Don haka ni dai "agogon awon teku" na zaɓa, tunda awo ake yi da shi, ba duba lokacin cin abinci ba. Kuronomita kuma a bar wa agogunan hannu da Suwizalan ke ba takardar shaida.

Masu gyaran agogo, "sakata" ta yi muku, ko kuna da sunan da kuka saba kiranta?