Baƙi daga waje na son haɗa gwiwa da asibitinmu, injin za mu roƙa ko horo?

Nas_Tiyata:
Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Ni nas ce mai sa barci a tiyata, shekarata tara a aikin. Shugaban asibitinmu ya kira ni ya ce wata ƙungiyar likitocin sa barci daga waje na son haɗa gwiwa da mu na shekara uku, wai in rubuta abin da muke buƙata kafin ƙarshen wata. Abokan aikina duk bakinsu ɗaya, a roƙi bentileta (injin da ke yi wa mara lafiya numfashi) huɗu a buɗe ICU, wato ɗakin kulawa ta musamman, ni kuma hankalina bai kwanta ba saboda akwai wani injin sa barci da aka taɓa kawo mana kyauta har yau yana sito cikin ledarsa, sai da oksijin na bututun bango yake aiki mu kuma silinda muke ja, ga wuta ba ta tsayawa. Duk sanda na shiga ɗauko safar hannu na gan shi sai raina ya ɓaci wlh. Don Allah waɗanda suka taɓa irin wannan, me ya amfane ku da gaske bayan baƙin sun tafi?

Dakta_Barci:
Wa alaikumus salam Sista. Tsaya tukuna ki tambayi abokan aikinki wa zai zauna gaban bentiletan da ƙarfe uku na dare, domin injin nan ba a jona wa mutum a tafi, sai da nas a kansa awa 24, sai da maganin kwantar da mara lafiya, da injin zuƙe majina, da wanda ya iya karanta abin da allon ke cewa. In babu waɗannan to illarsa ta fi amfaninsa.

Akwai binciken ASOS kan sakamakon tiyata a Afirka da ya fito a mujallar Lancet a 2018, ƙasashen Afirka 25 ne, marasa lafiya sama da dubu 11. An gano masu shiga tiyata a Afirka sun fi ƙuruciya kuma ba su da tarin cututtuka kamar na sauran duniya, amma duk da haka haɗarin mutuwarsu bayan aiki ya ninka biyu, kuma mafi yawan mutuwar ba a kan tebur take faruwa ba, sai a kwanakin baya a ɗakin kwanciya, jini na zuba a hankali ko numfashi na sauka babu wanda ya lura da wuri. Akwai kuma tsarin da ake kira EECC, wato kulawar gaggawa ta tushe ga wanda jikinsa ya yi tsanani a kowane gado yake: a auna numfashi da bugun jini a kai a kai, a sa oksijin, a ɗaura ruwa, a gyara kwanciyar wanda ya suma kada harshe ya toshe masa maƙogwaro. Ni da ni ce nan zan fara.

Mai_Gyaran_Injin:
Sista kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Mu masu gyara ba a kiranmu sai kaya sun iso sun lalace. In har za ku karɓi injin ku ce a kawo irin wanda aka ƙera don wurin da babu tsayayyar wuta, akwai Glostavent akwai Universal Anaesthesia Machine, suna da konsantireta a jiki da ke tace oksijin daga iskar ɗaki, in wuta ta ɗauke ma ana iya ci gaba da aiki da iskar ɗakin. Sannan a rubuta a yarjejeniya baƙi da fari: kayan gyara na shekara nawa, littafin injin da harshen da muke karantawa, da horon mai gyara aƙalla mutum biyu. Na ga injin mai kyau ya kwanta wata da watanni saboda ɗan sensa ɗaya da bai kai babban yatsa ba.

Abu_Hanif:
Ni dai ina da ja kan maganar horon nan. An sha kawo mana kwas na kwana uku, a raba satifiket a ɗau hoto, bayan wata biyu kowa ya koma yadda yake. Wanda kuma aka tura waje ya ƙware sai ya samu aiki can ya zauna, kuma ban ga laifinsa ba in ka dubi yanayin da ya baro. Sannan Dakta kada mu manta akwai mai jego da jijjiga ta kama ko wanda maciji ya sara numfashi ya tsaya, kwana biyu a bentileta ya ishe shi ya tashi, shi ma rai ne.

Dakta_Barci:
Malam Abu Hanif gaskiyarka, ban ce kada a taɓa sayen bentileta ba, cewa na yi a san abin da za a fara. Guda ɗaya ko biyu da nas-nas da suka iya shi ya fi huɗu babu mai kula. Maganar gudu waje kuwa ita ta sa haɗin gwiwar da suka ɗore suke koyarwa a gida. Ruwanda tun 2006 likitocin Kanada da Amurka ke zuwa bi da bi suna koyarwa a shirin ƙwarewa na jami'ar ƙasar, Zambiya ma ta fara nata a 2011 da taimakon likitocin Birtaniya, kuma waɗanda suka gama su ne suka dawo suna koyar da na baya. Kwas ɗin SAFE kan sa wa masu haihuwa barci da WFSA (gamayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya) da ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya da Ayalan suka shirya shi ma gajere ne, amma ana haɗa shi da horon masu horarwa don a ci gaba da yi ba sai baƙo ya zo ba. WFSA ta ce a samu aƙalla likitan sa barci 5 ga kowane mutum 100,000, ƙasashe da yawa ko 1 ba su kai ba, kun ga ke nan nas irin Sista su ne riƙe da aikin, duk yarjejeniyar da ta tsallake su ta tsaya kan likitoci kaɗai ba za ta je ko'ina ba.

Nas_Tiyata:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dakta maganarki ta tuna min wata mata da muka ciro wa jariri da dare, aiki ya yi kyau aka kai ta ɗaki, sai wani abu ya ce min in leƙa ta kafin in tafi. Na maƙala mata 'yar oksimitar Lifebox ɗin nan mai ruwan ɗorawa a yatsa don auna oksijin na jininta, ƙarar na sauka tana kauri, lamba ta nuna 84 ita kuma tana kwance shiru kamar mai barci, nas ɗaya ce ga gado kusan talatin ba yadda za a yi ta gani. Muka ɗaga mata haɓa muka ja silinda, cikin 'yan mintuna ta haura 96. Oksimitar nan ita kaɗai ce a asibitin a lokacin kuma ta tiyata ce.

Don haka zan rubuta oksimita a kowane ɗaki har da na yara, konsantireta da batirin sola, ɗakin farfaɗowa mai gado uku da nas tsayayya, horon masu horarwa, bentileta ɗaya a shekara ta biyu in mun shirya. Malam Mai Gyara zan sa sunan sashenku a kwamitin haɗin gwiwar tun yanzu. Abin da ya rage min, akwai wanda ya taɓa sa sharaɗin cewa bayanan marasa lafiyarmu da za su tattara, in za a buga bincike da su, sai da sunayen ma'aikatanmu a ciki? Ya kuka rubuta shi?