Waya ta kashe mana daɗin kallon balo a fada, ya za mu yi?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ke cina tun kwanaki na ce bari in kawo ta nan. Fadarmu ta hira a unguwar Birni take nan Damagaram, mu goma sha ɗaya ne, duk wata muna haɗa kuɗi mu biya abonoma na tashoshin balo, teli kuma ta wani abokinmu ce tela, shi ke fiddo ta ƙofar shago. Da in ana wasa har maƙwabta sai sun yi ƙorafin ihunmu, yanzu kowa kansa na cikin waya. Abin da ya fi ƙona min rai akwai wani yaro cikinmu da wayarsa ke faɗa mishi an ci tun hoton bai iso teli ba, ana cikin kai hari ka miƙe tsaye sai ka ji ya ce "ta shiga", wallahi kamar a tauna maka kilishi a ce haɗiye. Ni ne mai dafa shayi kuma, jiya na biyu har kumfarsa ta kwanta a faranti ba wanda ya miƙo hannu suna can TikTok. Na ce mu riƙa tara wayoyi cikin kwano kafin a take wasa, wanda ya taɓa tasa shi zai sayi sukari da gawayin sati, wasu sun ce takura ce. Ku me kuka gani?

Madrid Har Abada:
Hhhh abokina faɗi gaskiya kulob ɗinka ne ba ya ci shi ya sa shayin ke hucewa. Mu masu kofin zakarun Turai 15 ko a waya ko a teli duk daɗi ne

Na Garin Malam:
Kai Madrid rufa mana baki, ba kai ne ka ɓace daga WhatsApp kwana uku ba ranar da Barça ta zuba muku 4 da nema har gida a Oktoban 2024? Muka zo fada aka ce wai ka tafi Mirriya gaisuwa. Ɗan Birni ina bayanka, amma sukarin sati ya yi yawa talaka ake, a ce dala ashirin duk taɓawa, in sun taru a sayo tsire.

Baba Mai Rediyo:
'Ya'yana ni ban ga laifin waya sosai ba, abin da kuke kallon ne ba naku ba. A 2010 da Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta ci Masar 1 da nema a Yamai, Maazou ya jefa ƙwallon, ranar ba wanda ya zauna, har waɗanda ba su san ofsaid ba sun fito titi. Da muka samu zuwa kofin Afirka na 2012 ma haka, 'yan Afirka ta Kudu na can suna rawa a fili wai su suka wuce ashe mu ne. Yanzu yaro ya san duk wanda ke benci a Ingila amma ka tambaye shi golan Espoir ta nan garin sai ya yi ta sosa ƙeya. Ku lura da lokacin kokowar takobi, in ɗan Damagaram ya shiga fili wa ke duba waya? Ko mai shayin mantawa yake da buta bisa wuta.

Maman Biyu:
To Allah ya sa iyayen gidanmu su karanta. Ku kuna kukan shayi ya huce, mu tuwo ke sandarewa a kwano har sha ɗayan dare ana jiran a tashi wasa, ga shi mu ne za mu farka tsakar dare taron ruwa in famfo ya kawo. Amma dan Allah kar a zagi waya gaba ɗaya, ni da ita nake sai da dambun zogale, in ɗora hoto a status da hantsi kafin azahar tukunya ta ƙare.

Kabu-kabu 07:
Yaya ni dai ba zan sa tawa a kwano ba gaskiya, kiliyan na iya kirana daga kasuwar Dole ko tasha kuma jika guda ba wasa ba ce. Sannan ranar da aka ɗauke kuran ana tsakiyar wasa wa ya cece ku in ba mai farfen intanet a waya ba, mu takwas muka duƙa kan ɗan allo guda kamar masu duban wata. Yaron nan kawai za ku yi wa magana ya kashe sanarwar ko ya koma bayan shago.

Ɗan Birni:
Na gode kowa. Baba maganarka ta shige ni, in Espoir na wasa a gida za mu je insha Allah. Mun gwada kwanon daren jiya a kan dala ashirin, Kabu-kabu mun ɗauke wa irinku. Minti 20 da farawa waya ta yi ƙara cikin kwano kowa ya yi tsit ana kallon juna, ashe tawa ce, uwargida ke tambaya ko in ajiye maka tuwon ko in ba yara. Na biya.