Me ya riƙe ku a Lutheran duk da wannan rabuwar kan?

Ɗan Gongola ya rubuta:

Salama ƴan'uwa. Ina da tambaya kuma don Allah ba tsokana ba ce, abin ya dame ni ne sosai. Ni a Lutheran aka haife ni, a nan aka yi min baftisma ina jariri, a nan na shiga ajin tabbatarwa, aurena ma a nan aka ɗaura. Yanzu aiki ya kai ni birni amma duk Kirsimeti ina zuwa gida, to zuwan da na yi na ƙarshe abin da na gani ya sa har yau raina a ɓace yake. Majami'ar ƙauyenmu da iyayenmu suka gina da hannunsu, mata na jido ruwa daga rafi maza na buga bulo, yanzu ta rabu biyu, wasu na sujada a ciki wasu a ajin makarantar firamare, kuma kowane ɓangare na cewa shi ne na gaskiya. Babana yana wannan gefen, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya yana ɗaya gefen, sun fi shekara ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba. Da aka yi rasuwa a gidan maƙwabtanmu sai da aka kwana ana gardamar wane fasto ne zai tsaya bakin kabari, gawa na kwance.

Matata ta ce ita ta gaji, mu koma cocin da ke kusa da gidanmu a nan birni kawai, ai duk Yesu ɗaya ne, yaran ma can suka fi so saboda kiɗa. Na rasa amsar da zan ba ta amma kuma ƙafata ta ƙi tafiya. Shi ne nake tambayar ku da kuka daɗe a ciki kuka ga rigima iri iri, me ya riƙe ku? Sabo ne kawai, ko tsoron abin da dangi za su ce, ko akwai wani abu da ni ban gane ba?

Maman Biyu ta amsa:

Ɗana sannu, na ji zafin da ke cikin maganarka. Ni ban yi karatun tauhidi ba, abin da idona ya gani zan faɗa maka. A 2014 lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi muka gudo Yola da yara da kayan jikinmu kawai, maigidana ciwon suga gare shi, wahalar hanya ta kwantar da shi, bai yi wata biyu ba Ubangiji ya kira shi. Ban san kowa a unguwar ba. Washegari da asuba na ji ana sauke itace a ƙofar gidan da aka ba mu aro, na leƙa sai ga matan zumunta sun kai goma sha, kowacce da zanin zumunta a jikinta, wannan da tukunya wannan da kwanon gari, wata tsohuwa ta riƙo tulun kiɗa a hammata. Ba su tambaye ni daga wace gunduma nake ba, ba su tambaye ni ɓangaren wa nake bi ba, sun ji dai an ce ƴar Lutheran ce mijinta ya rasu. Kwana uku suna dafa abinci suna waƙa da dare har na samu barci.

Daga baya ne fa na gane ashe cikin matan nan akwai waɗanda mazajensu ba sa ga maciji da juna a kan maganar shugabanci. Amma a bakin murhu ɗaya suka zauna, ɗaya na tuƙi ɗaya na kwasa. To ka ce in bar waɗannan in tafi ina? Masu faɗa a kan kujera su yi ta yi, ba su ne suka share min hawaye ba, kuma ba don su na shiga ba balle in fita don su. Ka gaida matarka, kar ka yi mata faɗa, gajiya ce kuma tana da gaskiyarta.

Tsohon Malamin Katekisma ya amsa:

Ɗana, abin da Mama ta faɗa shi ne rabin amsar, bari in ƙara ɗaya rabin tunda na yi shekaru ina koyar da ajin tabbatarwa. Tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka ita ce, mece ce ikilisiya? Don idan ikilisiya ita ce bishop da kwamiti da takardar fili, to ranar da suka ɓata kai ma ka ɓata. Amma ba haka muka koya ba. A 1530 aka karanta shaidar bangaskiyarmu a gaban sarki Charles na biyar a birnin Augsburg na Jamus, Philip Melanchthon abokin Martin Luther ne ya rubuta ta. Sashe na 7 ya ce ikilisiya taron masu bi ne inda ake wa'azin bishara tsantsa ana kuma ba da baftisma da jibin Ubangiji yadda ya kamata, kuma wannan ya isa ya haɗa kan ikilisiya, ba dole ne tsare-tsaren da mutane suka ƙirƙiro su zama iri ɗaya a ko'ina ba. Sashe na 8 kuma shi ne ya fi shafarka, ya ce ko da mai ba da jibin mugun mutum ne, jibin yana nan da ƙarfinsa, don na Almasihu ne ba na fasto ba. Wannan sashen ni ya riƙe ni a shekarun da nake durƙusawa in karɓi gurasa daga hannun mutumin da na san ba ya ƙaunata. Ba sauƙi, wani lokaci hannuna har rawa yake, amma na karɓa.

Kuma kar ka ɗauka yau aka fara. Mu da muka ga tsakiyar shekarun 1990 lokacin da aka kasa ikilisiyarmu ta Lutheran a Najeriya zuwa dayosis-dayosis, zamanin da Baba David Windibiziri ke shugabancinta, mun ga yadda wasu suka yarda wasu suka ƙi, gida ɗaya ya rabu, aboki ya daina gaida aboki. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a lokacin yau suna ƙasa, ikilisiya kuwa tana nan, har ɗanta Akbishop Musa Panti Filibus aka zaɓa shugaban tarayyar Lutheran ta duniya a Windhoek ta ƙasar Namibiya a 2017. Ko manzo Bulus ma abin da ya tarar a Korinti ke nan, wannan ya ce shi na Bulus ne wancan ya ce na Afolos, shi kuwa ya tambaye su ko Almasihu a rabe yake.

Sai kuma tarihi, wanda ni ba na iya taka shi in wuce. Dakta Bronnum, ɗan mishan da ya fara wannan aikin, ya taso daga Denmak ya iso Numan a 1913, matarsa ta rasu a hanya bayan ta haihu tun kafin ya kai, ya binne ta ya ci gaba da tafiya. Daga wannan ƙaramin farin ne aka samu asibiti da makarantu, kakanninmu suka koyi karatu, Bachama da Lunguda da Chamba da Kilba da Mbula da Yungur suka zauna a benci ɗaya suna waƙa da Hausa. Ka taɓa zuwa babban taron ikilisiyarmu na shekara-shekara a garin Demsa ka tsaya ka kalli jama'a? Duk wanda ya ga wannan taron ya san abin ya fi ƙarfin rigimar ƙauye ɗaya. Idan duk masu sanyin zuciya irinka suka fita, masu zafin kai kaɗai za a bar wa gidan, su kuma za su koyar da yaran da suka rage.

Baƙo daga Kaduna ya amsa:

Baba Malam da girmamawa, ni dai na fita, shekara shida ke nan, kuma ina so a ji namu gefen don kar a ɗauka duk wanda ya tafi kiɗa ya bi. Ni na zauna a kwamiti, na yi ta roƙo a zauna a yi sulhu har aka fara ce min munafuki ta gefe biyu. Ya kai ga ranar Lahadi in na shiga majami'a ba na jin wa'azi, lissafi nake wa ya zauna kusa da wa, wa ya ƙi miƙa wa wa hannu. Na ga zuciyata na taurare, yarana kuma suna ji muna zagin dattawa a gida bayan sujada, sai na ce gara in tsira da bangaskiyata. Amma zan faɗi gaskiya ɗaya, har yau in na yi addu'a da yarana da dare ƙaramar katekisma nake bi, dokoki goma, shaidar bangaskiya, addu'ar Ubangiji, don ban samu abin da ya kai ta ba inda nake yanzu. Kuma na riga na gaya wa matata in na mutu a kai ni gida, a yi min waƙoƙinmu. Don haka ɗan'uwa ba zan ce ka fita ba, ba zan ce ka zauna ba, amma in za ka zauna kar ka bari yaranka su gaji gabar da ba su san farkonta ba.

Ƴar Minnesota ta amsa:

Gaisuwa daga Amurka, karatu ya kawo ni. Baba Malam na gode da sashe na 7 ɗin nan, amma akwai inda abin ke da wuya, wato idan rigimar ba ta kujera ba ce, ta koyarwa ce. A nan babbar ikilisiyar Lutheran ɗinsu ELCA ta yi taro a Minneapolis a 2009 ta yarda masu zaman jinsi ɗaya su zama fastoci, majami'u ɗaruruwa suka fice, wasu suka kafa sabuwar ikilisiya mai suna NALC a 2010, har ikilisiyar Mekane Yesus ta Habasha ta yanke hulɗa da ELCA a 2013. Wannan ba irin ta ƙauyenku ba ce yayana, can mutane sun saɓa ne a kan yadda ake karanta Littafi Mai Tsarki. Duk da haka a majami'ar da nake zuwa akwai tsofaffi da ba su yarda da hukuncin ba sam amma ba su tafi ba, iyayensu na kwance a maƙabartar bayan cocin, su ne ke dafa kofi bayan sujada, su ne ke kai jibi wa marasa lafiya a gida. Don haka ka duba da kyau, shin a ɓangarorin nan biyu akwai wanda ya canja bishara ne, ko kuwa maganar wa zai riƙe makulli da baiko ce? In ta biyun ce ni ban ga abin da zai sa ka bar gidanku ba.

Ɗan Gongola ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Mama maganarki ta sa ni hawaye a ofis. Ƙanwata ta Amurka amsar tambayarki ita ce babu wanda ya canja komai, littafin waƙoƙi ɗaya suke riƙewa, karatun ranar Lahadi ma ɗaya ne, har na tuna ranar Kirsimetin nan ina tsaye a tsakanin majami'a da makarantar ina jin waƙa ɗaya tana fitowa ta gefe biyu, wasu sun riga wasu da baiti guda. Na nuna wa matata amsoshinku daren jiya, ba ta ce ta yarda ba amma ta ce mu ƙara shekara ɗaya mu gani, da sharaɗin ba za a sake maganar ɓangare a gaban yara ba, na ce na ɗauka. Ƙaramar ƴarmu wata huɗu gare ta ba a yi mata baftisma ba tukuna, ina so in kai ta gida lokacin Ista, in sa babana ya riƙe ta, in kuma je da kaina in roƙi ƙaninsa ya zo ya tsaya kusa da shi. Ban san ko zai zo ba. Baba Malam in kana da shawarar yadda zan buɗe masa maganar ba tare da ya ga kamar babana ne ya aiko ni ba, don Allah ka rubuto min.