MoS2 ɗina ya ƙi ba ni direct band gap, a taimaka

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, wallahi kaina ya kulle. Wata huɗu ina lissafin DFT (hanyar lissafa halayen electrons a kwamfuta) a kan sinadarin MoS2 (molybdenum disulfide) mai shimfiɗa ɗaya da manhajar Quantum ESPRESSO don aikin sola, da manhajar VASP na so amma sai da lasisi, laftof ɗina kuma RAM 8GB ne, fanka na ta kuka har asuba, supabaiza ya ce babi na huɗu yake jira. Kowa ya san band gap (tazarar makamashin da electron zai tsallaka) na shimfiɗa ɗaya direct ne, wato tsallaken kai tsaye, wajen 1.8 eV, ni kuwa indirect nake samu, ƙasa da 1.6. Ina matsalar?

Dakta: PBE (ɗaya daga cikin hanyoyin ƙiyasi na DFT) ka yi amfani da shi, ba sai ka faɗa ba. PBE yawanci rage gap yake. Koma HSE06 (wata hanyar ƙiyasin da ta fi cin ƙarfin kwamfuta) kawai, magana ta ƙare.

Wata 'yar uwa: Dakta da girmanka, HSE a 8GB? Kuma rage gap daban, komawa indirect daban. Ɗan uwa nawa ne lattice ɗinka, wato tsawon da tsarin atoms ke maimaita kansa? Ya kamata ya tsaya kusa da 3.16 zuwa 3.18 Å, in ya buɗe da kashi 1 ko 2 cikin ɗari saman valence band (matakin ƙasa na gap ɗin) yana barin wurin da ake kira K a taswirar band ya koma wurin Γ, sai gap ya zama indirect. Vacuum fa, wato sararin da ka bari sama da ƙasan shimfiɗar, ya kai 15 Å?

Mai tambaya: Vacuum 8 Å na sa saboda lokaci, in na ƙara kwana yake yi. Lattice kuma daga wani fayil na ɗauko, bana jin nan ne.

Tsohon ɗalibi: Hmm kai ka ma samu mai jiran babinka. Nawa wata bakwai bai buɗe ba, ranar difens ya ce bai yarda da sakamakon ba. Allah ya isa dai.

Dakta: Ko ya gyara, 1.8 ya yi wa sola yawa, iyakar Shockley da Queisser (iyakar hasken rana da sola zai iya mayarwa wuta) ta fi kyau wajen 1.34 eV, kusan kashi 33 cikin ɗari. Ga shi shimfiɗa ɗaya haske kaɗan take sha, kashi 5 zuwa 10. Ka haɗa da shimfiɗar WS2 (tungsten disulfide) tukuna.

Wata 'yar uwa: Ɗaya bai daidaita ba za a ɗora masa biyu? Yi vc-relax, wato ka bar manhajar ta daidaita lattice da kanta, k-points (ɗigon da ake lissafi a kansu) 12×12×1 don K ya shiga.

Mai tambaya: Na gode, amma 8×8×1 na gani a wata takarda kuma ya yi musu aiki. Ba dai pseudopotential ɗin (fayil ɗin da ke wakiltar kowane atom a lissafin) ba ne?

Tsohon ɗalibi: Wanne ka sa?