Wai "Allow" Asalinta Yabo Ce?

Malamin Turanci: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau na faɗa wa ɗalibaina cewa allow ba da ma'anar izini ta faro ba, asalinta yabo ce. Bature ya aro ta ne wajen ƙarni na 14 daga alouer ta tsohon Faransanci, ita kuma daga allaudare ta Latin, wato yabawa.

Tsohon Akawu: Haba Malam! To ina yabo a alawus? Ai allowance daga allow ta fito, kuɗi ne ake ware wa mutum. Na tsufa ina cike baucar alawus ɗin dare da na tafiya, ban taɓa ganin inda aka yabi kowa a ciki ba.

Malamar Jami'a: Baba, kai da Malam kowa ya kama ƙafa ɗaya. Kalmomin Latin biyu ne, allaudare ta yabo da allocare ta warewa ko ajiye abu a gurbinsa. A bakin Faransawa lafazinsu ya narke ya zama ɗaya. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmar ta shiga Turanci ɗauke da kayan biyu. Alawus ɗinka jikar allocare ce.

Tsohon Akawu: Madalla. Ke nan Malam rabin labari ya ba yara.

Malamin Turanci: Ban yarda ba, Baba. A kan izini nake magana, ba kuɗi ba. Abin da ka yaba ka amince da shi, wanda ka amince da shi kuwa ka bari a yi. Ta nan izinin ya biyo.

Ɗalibi: Malam, kalmar let fa? Ba ɗaya suke da allow ba?

Malamin Turanci: A ma'ana sun yi kusa, a nahawu a'a. Let him go, amma allow him to go. Ka saka kalmar "to" ta Turanci bayan let a WAEC, ka zubar da maki.

Malamar Jami'a: Kuma let biyu ce. Ka buɗe fasfon Birtaniya, za ka ga without let or hindrance, wato ba tare da hani ko cikas ba. Wannan let ɗin hani take nufi, tushenta daban ne tun a tsohon Turanci.

Tsohon Akawu: Kada a kau da zance. Wanda aka ware wa kaso ai an ba shi damar ci. Me zai hana izinin ya fito daga warewar? Malam, kai nake jira.