Muhawara: sai koci ya ba yaro wuya zai zama ɗan ƙwallo?

Mai ƙungiyar yara, Agege: Salamu alaikum. Ra'ayina a fili yake: yaron da koci bai matsa masa ba, ba ya nisa a ƙwallo. Ya makara, zagayen fili goma. Ya yi wasa da atisaye, tsallen kwaɗo. Ranar da za a je gwaji a filin wasa na Onikan ko na Teslim Balogun, babu mai lallashin ɗan kowa.

Kocin 'yan ƙasa da 13, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Alhaji, mu auna zagayen goman nan tukuna. Cikakken fili mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, zagaye ɗaya mita 346 ke nan. Goma ya kusa kilomita uku da rabi. Ɗan shekara 11 zai ci wajen minti 20 a kai, alhali atisayen yara gaba ɗayansa bai kamata ya wuce minti 60 zuwa 75 ba. Ya dawo ƙafa ta mutu, fasin ɗinsa ya lalace, a sake daka masa tsawa. Sannan an koya masa cewa gudu azaba ce, alhali shi ne abin da ɗan wasan tsakiya zai rayu a kansa. Kuma a Legas, wanda ya taso daga Islamiyya ya shiga motar danfo ya maƙale a gosulo, laifin wa za a hukunta?

Mai ƙungiyar yara, Agege: Koci, to a zuba musu ido ke nan?

Kocin 'yan ƙasa da 13, Idi-Araba: A'a. Doka uku ta isa, a faɗe ta a gaban iyaye tun farkon kaka: lokaci, shiru idan an busa usur, ba zagin abokin wasa. Karon farko gargaɗi a gefe. Na biyu ya fita minti biyar yana kallon 'yan uwansa suna bugawa. Na uku ya fara wasan Asabar a benci. Amma kuskuren ƙwallo, kamar ɓarar da fanareti, gyara ake yi, ba hukunci ba.

Likitar gaɓoɓi, Mushin: Alhaji, tsallen kwaɗon nan ne ya fi damuna. A ƙasan ƙoƙon gwiwa akwai wani ɗan tudu a kan ƙashin ƙwauri inda jijiyar gwiwa ta kama. A yaron da ke cikin tsawo, galibi ɗan 12 zuwa 15, wurin bai gama ƙwari ba. Yawan tsalle a tsugune yana jan sa, ya kumbura, ya yi zafi idan an danna. Shi ake kira Osgood-Schlatter. Maganinsa rage tsalle da gudu na makonni, wani lokaci watanni, da ƙanƙara a tsumma minti 15 bayan wasa. Yaron da ke tsoron koci ɓoye ciwon yake yi har sai ya fara ɗingishi.

Na biyu, hana ruwa da sunan horo. Iskar Legas a jiƙe take, gumi ba ya bushewa da wuri, don haka jiki ba ya hucewa, musamman a Fabrairu da Maris. Yara kuma ba sa neman ruwa sai abin ya yi nisa. A tsaya sha duk minti 15 zuwa 20. Jiri, amai ko maganar da ba ta kan hanya: a kai shi inuwa, a cire riga, a zuba masa ruwan sanyi, in ya rikice a wuce asibiti.

Tsohon rafali, Obalende: Ni ina tare da Alhaji a wuri ɗaya. Yaron da bai saba jin "a'a" a atisaye ba, shi ne ke karɓar katin gargaɗi kan musu da alƙalin wasa. Sai dai yawanci a bakin kocinsu suke koyon ashar ɗin. Tun 2019 doka ta ba rafali damar ɗaga wa koci kati, rawaya ko ja. Duka kuwa ba ma abin muhawara ba ne, Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007.

Mai ƙungiyar yara, Agege: Hajiya likita, na ji batun gwiwa da ruwa. Amma ku duba: koci Manu Garba ya ɗauko wa Najeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2013, koci Amuneke ya ɗauko a 2015 a Chile, inda Osimhen ɗan unguwar Olusosun ta Legas ya ci ƙwallo goma. Da shafa kai aka kai can?

Kocin 'yan ƙasa da 13, Idi-Araba: Waɗannan samari ne da aka tace daga ƙasa baki ɗaya, suna sansani da likita da abinci da wurin barci. Ba a kwatanta su da ɗan firamare da ya zo fili da biredi a ciki. Daga 15 zuwa sama ni ma na yarda a ƙara wuta, amma da ƙwallo a ƙafa: huɗu da huɗu a fili mita 30 da 20, minti uku wasa, minti biyu hutu, sau biyar. Ɓangaren da aka ci su kwashe raga da kayan atisaye. Wannan ya fi zagaye gajiyarwa, kuma suna koyon wasa.

Mai ƙungiyar yara, Agege: To ga inda tsarin bencinku ke karyewa. Yara 13 ne a ƙungiya, mai makarar shi ne mai cin ƙwallon, ga wasan kusa da na ƙarshe ranar Asabar.

Tsohon rafali, Obalende: Ya zauna rabin lokaci na farko, Alhaji, ko da za a ci ku. In ka saka shi daga farko, sauran goma sha biyun sun gane dokar ba ta hawa kan kowa.

Mai ƙungiyar yara, Agege: Minti 20 zan iya, Yallaɓai. Rabin lokaci ya yi yawa a wasan kofi.